Kalar Da Aka Tsiyaya Wa Mai Gashin Burodi

Kala ce ta yi yawa a idon, ita ta ɓata gwajin.

Mai gashin burodi ya je asibitin ido ne saboda idanunsa na yi masa kamar an watsa yashi. Ma'aikaciyar na sauri, layi har bakin ƙofa. Maimakon ta ɗan taɓa masa kalar nan rawaya da ake sa wa ido don gwaji, sai ta tsiyaya har tana gangarowa kan gemunsa. Likita ya haska shuɗiyar fitila, ya ce kar ya ƙifta, yana duban ko danshin idon zai tsage da wuri. Ina zai tsage, ido na iyo cikin ruwan kwalba? Likita ya ce lafiya lau.

Mai gidan burodin da yake wa aiki yayan matarsa ne. Da ya ji, sai ya tuntsire da dariya.

"To sarkin raki, likita ya wanke ka. Gobe sai bakin tanderu."

"Ruwansu ya auna, Yaya, ba hawayena ba. Ka mai da ni wajen kwaɓa fulawa."

"Yau kuma kai ne likitan?"

"Ni ne mai idon."

A gida matarsa ta bi shi da lallashi. "Baban yara, ka koma mana. Ka san Yaya ba ya son musu."

"In wutar daɗi gare ta, ya kai nasa idon."

Bai koma tanderu ba, asibiti ya koma. Ya zauna kan benci ya harɗe hannu.

"Baba, ba an gama da kai ba?" in ji ma'aikaciyar.

"Da kalarku aka gama, 'yata. A sake, ko mu tashi aiki tare."

Don a rabu da shi, likita ya yi da kansa. Ya jiƙa 'yar siririyar takarda mai kala, ya karkaɗe ɗigon, ya ɗan taɓa gefen idon. Nan da nan danshin ya tsattsage. Likita ya gyara zama, ya ce idon a bushe yake, ya rubuta magani, ya hana shi tsayawa gaban wuta.

Mai gashin ya nufi gidan burodi kansa a sama. Ya tarar da wani a bakin tanderu, wajen kwaɓi kuma a cike. Yayan ko ɗago kai bai yi ba.

"Wanda ya ƙi wuta a gidan nan, ya ƙi aiki."

Bai roƙa ba. Ya zare rigar aikinsa daga ƙusa, ya naɗe ta a hammata, ya fita ba shi da aiki.