Hayaƙin Tungar Manu

Abdulmumini mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Talata Mafara, amma tun da mutanen ƙauye suka fara gudowa gari, ba gyara ke cika rumfarsa ba. Wani malamin gona ne ya taɓa nuna masa yadda ake buɗe hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama. Inda wuta ke ci sai jan ɗigo ya fito, hayaƙi kuma ya kwanta kamar an ja toka da tsintsiya. Waya ba ta shiga ƙauyukan, don haka wanda ya baro gida sai ya zo ya faɗi sunan garinsu a duba masa.

Ran nan da hantsi Turai ta zo da ɗanta Zubairu. Mutanen Tungar Manu ne, can bayan Damaga. Da 'yan bindiga suka matsa kowa ya watse, sai mijinta Sallau ya ce shi ba zai bar dawarsa a gona ba, zai yanke ya zuba rumbu ya biyo su. Kasuwa ta ci ta sake ci, ba labarinsa. Zubairu, wanda tun yana ƙarami yake zaune a Gusau wajen kawunsa, har ya aro babur. Ya ce in wuta ce a gari, yau zai shiga ya nemo tsohon, ko da gawa ce.

Abdulmumini ya buɗe hoton jiya. Ɗigon ba ɗaya ba ne, sun taru a kan gidajen, hayaƙi mai kauri ya miƙe yamma. Gonakin babu komai. Ya sha ganin irin wannan, rumbuna ne. Ya kuma san waɗanda suka bi hanyar nan suna neman nasu, da yadda aka dawo da wasunsu. Ya dubi Turai. Zubairu kaɗai ya rage mata.

"Gona ce, Inna. Kara ake ƙonawa."

Zubairu ya sauke numfashi, har ya yi dariya ya ce ashe tsoho ya gama aiki. Ya tafi mayar da babur. Turai ba ta tashi daga benci ba.

"Ɗan nan, ka taɓa noma?"

Ya ce mahaifinsa tela ne. Ta gyaɗa kai. Ta ce ba mai hankalin da ke cinna wa kara wuta da kaka. Ɗaure shi ake yi, a yi darni, a ba dabbobi, a yi girki. Ƙuna sai sharar gona, gab da damina. Ba faɗa a muryarta.

"Allah shi yi maka albarka. In Zubairu ya dawo gobe, haka nan za ka sake faɗa mashi."

Bayan La'asar sai ga magidantan Tungar Manu sun tsaya a bakin rumfar, babura ɗaure da buhunan da babu kome ciki. Babbansu, Maikuɗi, ya yi doguwar gaisuwa, ya yi godiya. Ya ce Zubairu ya gaya musu mai waya ya duba, gari lafiya, wutar daji ce kawai. Yaransu sun gaji da kunun sadaka, da sassafe za su je su kwaso hatsinsu. Zubairu na tsaye a bayansu. Shi ba ya cikin tafiyar, uwarsa ta ce ya zauna ya jira uban.

Abdulmumini ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu. In ya yi shiru, waɗannan duka za su shiga bisa maganarsa. In ya buɗe baki, ɗaya ne zai shiga, kuma ya san wanda ne. Ya nemi wata hanya ta uku bai samu ba.

Ya juya musu fuskar wayar, ya ɗora yatsa kan jajayen ɗigon.

"Baba Maikuɗi, ba daji ba ne. Gidajen ne. Kada ku je."

Aka yi salati ƙasa-ƙasa. Wani ya zauna a ƙasa. Zubairu ya matso. Ya kwance buhunan da ke kan babur na kusa da shi, ya ajiye su a hankali, ya hau. Maikuɗi ya riƙo rigarsa, Zubairu ya fizge ya tafi.

Washegari Turai ta dawo ta zauna a bencin. Ba ta gaida Abdulmumini ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta nuna wayar da haɓa. Ya buɗe sabon hoton. Wutar ta mutu, hayaƙin ya baje, sai wani baƙin tabo inda garin yake. Ya yi ta jan hoton yana ƙara girmansa har kome ya dushe. Mutum ɗaya a kan babur ba ya fitowa a irin wannan hoton.