Baƙin Bututun Stoimen

A wani ɗakin bincike a birnin Plovdiv na ƙasar Bulgariya kowa ya san ba a taɓa bututun Stoimen. Bututun gilashi ne da ake zurawa cikin tanderu, a sa faifan silikon a ciki, a hura iskar gas, sai wasu siraran zaruruwan kabon da ido ba ya gani su tsiro a kan faifan. Da su ake son yi wa ƙananan na'urorin lantarki waya. Masu wannan aiki kuwa, duk digirinsu, akwai camfi. Stoimen ya rantse tsohuwar kunkunniyar da ta mai da bututun baƙi ƙirin ita ke sa zaren tsirowa, don haka har ya mutu bai taɓa wanke shi ba.

Matarsa Nevena, wadda suka yi shekaru suna aiki a tanderu ɗaya, ta ci gaba da amfani da shi. Dangi sun kwashe kayansa har takalma. Baƙin nan ne kaɗai aikin hannunsa da ya rage mata, kuma duk sanda zare ya tsiro sai ta ji kamar tare suka yi.

Ranar sadakar arba'in ta dawo daga maƙabarta da dafaffiyar alkama mai sukari don raba wa abokan aiki, ta tarar da bututun fes. Lyuben, aminin marigayin, na tsaye a gefe.

"Lyuben, wa ya aike ka?"

"Haba Nevena, yau fa arba'in, ranar sallamar mamaci ce. Na ga ba za ki iya ba, shi ne na ƙone dattin."

"Datti? Kai da ko kofinka ba ka wankewa, yau ka zama sarkin tsafta?" Ta dangwara masa kwanon. "Ungo, ci, ka yi masa addu'a. Za ka gani, ko ƙwaya ba za ta tsiro ba."

Ta sa faifai, ta kunna tanderu, tana roƙon Allah a ranta kada komai ya fito. Bayan ya huce ta zauna gaban madubin ƙara girma. Ga zaruruwa nan cunkus, dogaye, a miƙe, irin waɗanda Stoimen ya ƙare rayuwarsa yana nema. Ashe baƙin da yake ta tattalawa shi ne ya tare masa hanya.

"Yaya dai?" in ji Lyuben daga bakin ƙofa, cikin fargaba.

"Ba su taɓa yin kyau haka ba," ta ce, sai ta kife kai a kan tebur ta fashe da kuka.