Ta Ƙofa Za Ta Fita

"Ba a hita da ita ta wanga lungu," in ji Sahabi. "Sai dai a ɓalle darnin baya, mu bi ta gona."

Yana tsaye a ƙofar gidan mahaifiyarsa, Inna Habsa, wadda ta cika da asuba. Isowarsa ke nan daga Yamai, ƙafar wandonsa ta jiƙe da baƙin ruwan kwata. Ni ina bakin zaurenmu da ɗiyata Najiba a goye, na kasa ɗaga kai.

Tun da aka kawo ni unguwar nan, Inna Habsa ce ke share lungun, ba wanda ya sa ta. Takan tsince ledoji, ta wanke, ta shanya, ta tuƙa igiyar ɗaure awaki ta raba wa gidaje. Da ciwo ya kayar da ita farkon damina, sai tsintsiya ta kwanta tare da ita. Leda ta toshe kwata, ruwa ya tsaya, sauro ya samu gida. Kowacce a cikinmu ta share tsakar gidanta tas, ta watso sharar waje. Ni gidan sauro na ƙaro wa ɗiyata.

Hamida mai ƙosai, wadda muke katanga ɗaya da ita, ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Ta darni, Sahabi? Kamar mushen akuya? Yaushe za a yi mata salla?"

"Bayan azahar."

"To ka bar darni inda shike. Ta ƙohwa ta shigo gidanga, ta ƙohwa za ta hita."

Maza sun tafi haƙa kabari, saura mu. Na ƙara tamke goyona, na rufe wa Najiba kai saboda ƙuda, na ɗauko manjagarar maigidana. Gida bayan gida mata suka fito, da tsintsiya, da tsohon kwano, ba mai duban idon wata.

"Ke Jamila," in ji Hamida, ta ɗago wani abu a bakin sanda, "ga takalmin mijinki da kika ce ɓarawo ya ɗauke."

Dariya ta zo mana, muka haɗiye ta.

Manjagara ta kasa buɗe bakin kwatar, sai na sa hannu. Leda, leda, tsumma, sai kwalbar maganin zazzaɓin Najiba. Na san ta. Na tura ta ƙasan buhun da muke zuba shara. Lokacin ne 'yan gaisuwa daga Damana suka iso, suka tsaya bakin lungu suna jiran hanya.

"Sannunku da aiki," in ji wata dattijuwa cikinsu.

Muka ci gaba da kwasar shara.

Ana kiran azahar ruwa ya motsa, ya gangara. Muka yi ta ɗauko rairayi a kwanoni muna zubawa kan caɓi, Hamida ta bi baya da tsintsiyar Inna Habsa, tana ja daga ƙofar gidan har bakin titi.

Muka koma zaure, muka leƙa ta jikin asabari. Makara ta fito ta ƙofa, a kafaɗun maza, ba wanda ya tattare rigarsa.

Da suka ɓace na fito. Sawunsu na nan jere kan zanen tsintsiya. Iska ta kawo wata baƙar leda, ta maƙale a dokin ƙofar Inna Habsa. Na duƙa a hankali don kada Najiba ta farka, na ɗauke ta.