Ruwa Ya Ci Ragada

Surukata Inna Talatu ta tsufa a Jidda ba ta taɓa taka bakin teku ba. Ko kifi aka soya a gidanmu na unguwar Bani Malik sai ta kau da kai. Kowa ya san dalili. Tana yarinya suka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa, igiyar ruwa ta fizge ƙanwarta Kulu a kan idonta. Ko ɗankwalinta ba a gani ba.

To a wannan gida Allah ya ba ni 'ya mai son ruwa kamar agwagwa. Raghad sunanta, amma Inna ta ce ba za ta karya harshenta ba, Ragada take kiranta. A jami'a ta fara koyon tuƙin kwale-kwale, kan wata na'ura da ake ja ana zufa ba a zuwa ko'ina. Daga nan sai kwale-kwalen gaske a tekun Abhur. Tafin hannunta ya yi kanta kamar na maƙeri. Na yi faɗa har na gaji, yarinya sai ƙara cin gasa take, ni kuwa kullum zuciyata a kan tsohuwar nan take, don hawan jininta ba ya son tsoro.

Da kulob ɗinsu ya zaɓe ta zuwa gasar ƙasashe a Italiya, ta durƙusa gaban Inna neman albarka.

"Wane irin tuƙi ne wannan, mutum ya juya wa inda za shi baya?" in ji Inna. Sai ta ce, "Rantse min za ki dawo."

"Wallahi Kaka zan dawo. Halas, shi ke nan?"

Inna ta dafa kanta.

Ranar gasar ina ɗakin girki, na kasa kallo. Yayanta Mazen ne ke falo tare da Inna, yana kallon gasar a waya. Shi ma haifaffen nan ne, Hausarsa ta kunne ce, bakinsa Larabci ya fi sani. Abin da ya riƙe kawai shi ne "ci" nasara ce, kamar yadda ake cin wasan ƙwallo. Raghad tana gaba, sai wata igiyar ruwa ta cika mata kwale-kwale, ta ƙare a ta ƙarshe, lafiyarta lau.

Na ji Inna tana tambaya, "Yaya Ragada? Ta ci?"

"La, a'a Kaka. Ruwa ne ya ci ta."

"Ruwa ya ci ta?"

"Aiwa, eh. Ruwa ya ci ta, halas."

Kafin in ajiye ludayi na ji faɗuwarta. Na fito da gudu ina ihu, "Tana da rai! Inna, tana da rai!" Ina! Bakinta ya riga ya karkace. Na juya zan zabga wa Mazen mari, na gan shi tsaye, ƙato da gemu, yana tambayata da Larabci me ya faɗa. Har yau ina jin haushinsa, kuma ina jin tausayinsa.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ne. Raghad ta baro Italiya ba ta jira rufe gasa ba. Daga filin jirgi ta wuce asibiti, ta durƙusa a gefen gado.

"Kaka, ga ni. Na rantse zan dawo, na dawo."

Inna ta buɗe ido. Ta kama hannun yarinyar da hannunta mai motsi, tana shafa kantar nan a hankali, ta daɗe tana kallon fuskarta. Sai hawaye.

"Kulu," ta ce, maganar tana fita da ƙyar. "Sai yanzu ruwan ya sake ki?"

Raghad ta dube ni.

Inna ta ƙara matse hannun. "A can ƙasa ba ki ga Ragada ba? Jikata ce. Ita ma ya ɗauke ta."