Jan Kati a Murhun Arvid

"Baba, ko me za ka ce, ba zan kunna shi ba."

Dwayne mai gyara ya faɗi haka yana ɗaure wani jan kati a bututun gas. Marlys na tsaye a kan matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, riƙe da kwanon miyar da ta kawo wa maƙwabcinta, har ta manta da shi a hannunta.

Arvid Lahti ya dogara da sandarsa yana hararar katin. Shekararsa tamanin da ɗaya, rabinsu a ramin haƙar ƙarfe na arewacin Minnesota ya yi su.

"Shekara talatin da huɗu murhun nan yana ɗumama gidan nan," in ji shi. "Tun kana tsumman goyo."

"Ai shi ya sa ya tsage. Zo ka ga tsagar da idonka. Iskar da ke fita ta nan ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Ciwon kai za ka fara ji, sai barci, daga nan shi ke nan."

Marlys ta dubi Arvid. Mako guda ke nan Arvid yana ƙorafin ciwon kai, ita kuma tana ce masa yawan kofi ne.

Dwayne ya ce zaɓi biyu ne. Sabon murhun gas, dala dubu shida, amma sai an jira kwana tara kafin ya iso. Ko kuma injin ɗumi na lantarki irin wanda Marlys ta sa bara waccan, wanda ke jawo zafi daga iskar waje ya turo cikin gida. Wannan akwai shi a ƙasa, sai dai ya kai dubu goma sha huɗu kafin gwamnati ta mayar masa da wani kaso na kuɗin.

Arvid ya yi dariya har da tari. "Wannan firjin da aka juya baibai? A iskar da ke daskarar da majina a hanci za a samo mini zafi? Tambayi wannan 'yar zamanin. Da bakinta ta ce mini takardar wutar watan jiya ta kusa sa ta suma."

"Wasa nake yi, dattijo!"

"Ba ki yi kama da mai wasa ba ranar."

Gaskiya ne, ta faɗa. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne a sauran watanni kuɗin bai kai na gas ba, kuma ko sau ɗaya ba ta kwana cikin sanyi ba.

Da mai gyara ya tafi, ta ce wa Arvid ya haɗa kayansa ya koma ɗakin baƙinta har a gama aikin.

"Gwauro da bazawara a gida ɗaya? Kina so matan coci su sami abin taunawa har bazara?"

"Su tauna. Rediyo ya ce jibi sanyin zai kai talatin ƙasa da sifiri."

"Na ga arba'in, ban mutu ba."

Sai ta kwaso masa ƙananan hita biyu na lantarki masu ɗumama ɗaki daga gidanta, ta jona ɗaya a kicin, ɗaya a ɗakin kwana. Kafin ta fita ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa murhun nan ba."

"Je ki gida, Marlys, miyarki ta huce."

Daga tagar kicin ɗinta ana hango bututun hayaƙin gidansa. Tun daga ranar ta kasa wanke ko cokali ba tare da ta ɗaga kai ta duba shi ba. Muddin babu hayaƙi, to murhun a kashe yake.

Washegari da rana ta same shi zaune a kicin cikin babbar rigar sanyi da hula, ya kusa rungume hitar. Ya bar famfo yana ɗiga don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu.

"Ka kira Solveig?" Solveig 'yarsa ce tilo, tana aure can Arizona.

Ya dubi hitar. Da ya buɗe baki, babu sauran tsokana a muryarsa.

"In na ce mata dubu goma sha huɗu, cewa za ta yi gidan bai kai a kashe masa haka ba. Ko dubu shidan ma. Tuni ta turo mini hotunan wani gidan tsofaffi, har da tafkin wanka. Irin gidan nan na kai yayana. Wata huɗu ya yi ya rasu." Ya dubi silin. "Ni na kafa katakon nan da hannuna."

"To bari ni in kira ta. Ko in yi wa Dwayne magana a biya kaɗan-kaɗan."

"Kina kiran ta, ba ni ba ke."

Ta koma gida da lambar Solveig a wayarta. Sau uku tana ɗaukar wayar tana ajiyewa.

Rana ta uku gari ya waye da irin sanyin da ke sa katakon gida ƙara kamar harbin bindiga. Injinta na waje yana ta gurnani, amma gidan da ɗumi. Ta ɗora ruwan kofi, ta ɗaga kai.

Farin hayaƙi na tashi daga bututun Arvid, a miƙe sak zuwa sama.

Ba ta san lokacin da ta zura takalma ba. Ta fisgi makullin gidansa da ya ba ta ajiya daga ƙusa, ta keta dusar ƙanƙarar da ta kai mata gwiwa, ko riga mai nauyi ba ta ɗauka ba. Ta buga ƙofa da tafin hannu.

"Arvid! Dattijo!"

Shiru. Sai muryar rediyo can ciki tana karanto makarantun da aka rufe saboda sanyi.

Makullin ya kuɓuce mata sau biyu kafin ya shiga. Tana tura ƙofar, wani ɗumi mai daɗi ya daki fuskarta, kuma tunda take ba ta taɓa jin tsoron wani abu kamar ɗumin nan ba. A kan teburin kicin ga jan katin an ninke shi biyu, kusa da filaya.

Yana falo a kujerarsa, ya cire rigar sanyin, ƙafafunsa a miƙe cikin safa. Kumatunsa sun yi ja kamar na mai ƙoshin lafiya. Har ta ji wani sanyi a ranta, ta ɗauka barci yake. Ta girgiza shi, sai kansa ya langaɓe gefe.

"Wayyo Allah! Tashi mana! Tashi!"

Ta zagaya bayansa, ta sa hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa, ta jawo shi ƙasa. Bai yi nauyin da ta zata ba, amma falon ya yi mata tsawo. Tana tsakiyar ja sai ta ji kanta ya sara, kunnuwanta suka fara ƙugi. Wani abu a jikinta ya ce ta ɗan zauna ta huta, minti ɗaya kacal. Ta gane iskar nan ce da Dwayne ya faɗa. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta ci gaba da ja da baya-da-baya, tana kiran sunansa, tana kiran sunan mijinta da ya rasu, har duga-dugan Arvid suka tsallake dokin ƙofa.

A baranda ta kira lambar agaji. Matar da ta ɗauka ta koya mata yadda za ta danna ƙirjinsa, tana ƙirga mata. Marlys ta yi ta dannawa, hawaye na daskarewa a gashin idonta, har 'yan kwana-kwana suka iso suka janye ta.

Sun daɗe a kansa. Daga baya wata daga cikinsu ta zo ta tsuguna gaban Marlys, wadda aka zaunar a bayan motar asibiti an lulluɓe ta da bargo, an rufe mata hanci da abin shaƙar iska.

"Mama, ki yi haƙuri. Ya riga ya tafi tun kafin ki shigo. Ke ma saura kaɗan."

Marlys ta janye abin daga fuskarta. "Da na sani, da na kira 'yarsa."

"Mayar da shi, Mama. Ki yi ta shaƙa."

Ta mayar. Ta ƙofar motar tana kallon gidan. 'Yan kwana-kwana sun buɗe kowace taga da kowace ƙofa, sama da ƙasa. Labulen ɗakin kwanansa ya fito waje yana kaɗawa a hankali, ƙanƙara kuma ta fara sauka siriri-siriri, tana shiga ta tagar falo tana kwanciya a hannun kujera.