Mita Ashirin Ɗin Ƙarshe

Bubayero ya tashi a wani ƙauye kusa da Taura, inda tun yana saurayi yake ƙetare kogi da damina a bayan shanun babansa. Da ya samu aikin kashe gobara a Dutse sai ya ƙara da ɗaga ƙarfe. Shi ya sa da aka ce ofishinsu zai tura mutum biyu gasar ninƙaya ta ma'aikata a Kano, ba wanda ya yi musu da sunansa.

Na biyun shi ne Ikrima, wani siririn direbansu. Ranar da suka fara gwaji a wurin ninƙaya na wani otal, Ikrima ya ce masa, "Yaya Bubayero, kana ɗaga kai da yawa, ƙafafunka suna nutsewa. Sa fuskarka cikin ruwa, ka riƙa shaƙar iska ta gefe. Kuma ruwan nan jawo shi ake yi, ba dukansa ba."

Bubayero ya tuntsire da dariya a gaban abokan aiki. "Ni da na ja bijimi a kogi, kai za ka koya mini iyo?"

Ranar gasa har kawun Bubayero ya zo kallo daga Taura. Mita ɗari ce, zuwa da dawowa. A zuwa Bubayero ne gaba, ruwa sai tashi yake. Yana juyowa hannayensa suka yi nauyi, numfashi ya gagara, ya kwankwaɗi ruwa sau biyu. Ikrima ya sulale ta gefensa, ko fantsama ba ya yi. Saura mita ashirin Bubayero ya cafke igiyar da ta raba layuka, ya tsaya yana tari. Da ita ya ja jiki har bakin ruwa, bai yarda ya dubi inda kawunsa yake zaune ba.

Ikrima ya zo na uku.

A mota, a hanyar komawa, shugabansu ya tambayi abin da ya faru. Ikrima ya yi saurin cewa, "Jijiya ce ta riƙe masa ƙafa, ranka ya daɗe."

Wannan rufin asirin ya fi igiyar yi wa Bubayero ciwo. Sai da suka wuce Wudil sannan ya iya buɗe baki.

"Ba jijiya ba ce, ranka ya daɗe. Ƙarfina ne ya ƙare. Ikrima ya faɗa mini, na yi masa dariya."

Ya jingina kansa da gilashi har suka shiga Dutse.