Ranar da Awiti Ta Juyo

Yaya Apondi, sauke tulun nan ki zauna, kada ki fasa shi. Awiti ta juyo! Na kira ta, ta juyo!

Kin dai san shekara uku ke nan ina kiran 'yar nan tawa tana ba ni ƙeya. Likita a Siaya ya ce kunnen ba ya ji, shi ke nan. Ni ba rashin maganar ne ya fi cin raina ba, hanyar nan ce ta ƙofar gida da 'yan acaɓa. In ta nufi can, da me zan tsayar da ita?

To jiya da la'asar abokan surukina, Baba Ogutu, suka zo hira, sai ya ɗauko nyatitinsa, garayar nan mai tsirkiya takwas. Ya zauna a 'yar kujerarsa, ya ɗaura akayau a idon sawu, ya zura zoben ƙarfe a babban yatsan ƙafa. Hannu na kiɗa, ƙafa na buga zoben a jikin itacen garayar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ko sau ɗaya ba ta kuskure.

Ina tankaɗen garin masara, ɗaga kan da zan yi sai ga Awiti ta je ta rungume itacen da hannu biyu. A gidan nan mace ba ta taɓa nyatiti, ni kuma matar ɗa ce, ba na zuwa kusa da inda suruki yake zaune. In kira ta? Da wane kunnen? Na sandare da rariya a hannu.

Tsoho Owuor mai haƙori ɗaya ya ce, "Ogutu, ka yi amarya ba ka gaya mana ba? Ga ta har ta riƙe maka kaya."

Baba ya ce, "Ta fi ka amfani. Kai tun muna samari tafinka a makare yake zuwa."

Surukata ta taso za ta ɗauke ta, ya ce, "Bar ta. Dubi ƙafarta."

Yaya, ƙafar! 'Yar ƙafar nan tana sauka daidai da zoben. Ya yi sauri, ta yi sauri. Ya sassauta, ta sassauta. Sai ya ɗage ƙafarsa cak. Kiɗan ya tsaya. Awiti ta ɗaga kai ta harare shi, ta daki itacen da tafin hannu sau uku, wai ci gaba mana! Na ajiye rariyar. Owuor ma sai da ya cire hularsa.

Baba bai dube ni ba, ya dai ambace ni da sunan garinmu, ya ce da surukata, "Gaya wa 'yar Gem yarinyar nan tana ji. Ba ta kunne ba ne kawai."

Yau da safe tana kan benci tana cin dankali, ta ba ni baya. Na buga dunduniya a ɗaya gefen sau uku. Ta juyo ta kalle ni ido cikin ido, ta ƙyalƙyale da dariya. Na bari sai da ta kai bakin ƙofa, na ɗauki taɓarya na dirka a ƙasa sau uku. Ta tsaya cak, ta dawo da gudu!

Bar ruwan nan, taso mu je. Ke ma sai kin buga da kanki.